Shaidar da Ba a Tantance Ba: Kyamara da Launin Bangon Kano

A unguwar Nassarawa ta birnin Kano akwai wani gidan ƙasa da kowa ya sani da suna Gidan Ɗan Hausa. A cikinsa Hanns Vischer ya zauna, Baturen nan haifaffen Suwizalan wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, shekara shida bayan sojojin Ingila sun ci Kano. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, baƙi suna shiga suna kallon soraye da bakan gizo da zanen da magina suka fitar a jikin bango. Mai bincike yana iya auna tsawon kowane soro da kaurin kowane bango, ya rubuta, wani ya zo bayan shekara hamsin ya sake aunawa ya tarar da adadin bai motsa ba. Tambaya ɗaya ce awo ba ya amsawa: wane launi ne a jikin bangon nan a zamanin da Ɗan Hausa ke zaune a ciki?

Amsar da za ta fara zuwa a rai ita ce a duba tsofaffin hotuna. Sai dai hoto shaida ne, shaida kuwa a gaban alƙali ba a karɓar maganarsa sai an san ko wane ne shi, an san lafiyar idonsa, an san inda ya tsaya lokacin da abin ya faru. Shekara fiye da ɗari ke nan kyamara tana ba da shaida a kan launin zanen Hausa, kuma a mafi yawan wannan lokaci babu wanda ya tantance ta.

Bangon da ke sauya riga

Zanen da aka yi a kan ƙyalle aka rataye a gidan tarihi yana nan, duk mai shakkar hotonsa yana iya zuwa ya gani da idonsa. Zanen bangon ƙasa ba haka yake ba. Damina tana ci, rani ana yaɓe, kuma kowane sabon yaɓe yana binne na baya. Magina na da suna da kayan aikinsu na gida. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga, tana kuma ba bango wani ja mai duhu. Laso ana haɗa shi da katsin marina da gashin dabba da ruwan dafara, ya bushe ya yi tauri da launin toka. Ga farar ƙasa, ga jar ƙasa, kowace da ramin da ake haƙo ta, kuma jar wannan rami ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kantin Turawa suka fara cika kasuwa. Sannu a hankali bula da siminti da fenti suka shiga hannun magina. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20, fuskokin gidajen attajirai a Zariya da Kano da Damagaram sun cika da launuka masu ɗaukar ido, ana zana dagi da takobi, har da keke da mota da jirgin sama. Wanda ya tsaya gaban tsohon gida a yau, launin mai fentin ƙarshe yake kallo. Na mai ginin farko yana can ƙarƙashi, ko kuma ruwa ya wanke shi tuntuni. Saboda haka hoto ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa: sau da yawa shi kaɗai ne ya rage daga cikin waɗanda suka ga bangon a farkonsa.

Launin da aka shafa a Jamus

Hotunan Kano masu launi da Turai ta fara gani ba da kyamara aka yi su ba. Heinrich Barth, matafiyin Jamus da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairun 1851. Ya hau Dala ya zana birnin, ya kuma yi dogon bayani a kan rini da saƙa da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Littafinsa ya fito a mujalladi biyar a 1857 da 1858, ɗauke da hotuna masu launi da aka buga da dutse. Wanda ya mayar da zanen Barth zuwa waɗannan hotuna shi ne Johann Martin Bernatz, mai zane a Jamus, wanda ya taɓa zuwa Habasha amma bai taka ƙasar Hausa ba. Siffar birnin ta fito daga idon da ya gani, launin kuwa ya bi ta hannun da bai gani ba, sannan ya bi ta tawadar maɗaba'a. Har yau ana sake buga hoton Kano daga kan Dala a littattafai da jaridu, mai karatu yana ɗaukar launinsa tamkar na gani da ido.

Gilashin da ba ya ganin ja

Da kyamara ta zo tare da Turawan mulki, an ɗauka matsalar hannun ɗan Adam ta kau. Amma ko hoton baƙi-da-fari yana da nasa son rai. Sinadarin azurfa da ake shafawa a gilashin hoto na farko hasken shuɗi kaɗai yake ji sosai. A 1873 Hermann Vogel ya gano a Balin cewa idan aka ƙara wasu rinai a cikin sinadarin, gilashin zai ji kore da rawaya, amma ja ya ci gaba da zame masa duhu. Gilashin da ke jin dukkan launuka ya shiga kasuwa a Ingila a 1906, sai dai yana da tsada, kuma ba a wanke shi sai cikin duhu ƙirin, don haka yawancin masu ɗaukar hoto suka ci gaba da amfani da tsohon har shekaru da dama bayan haka.

Illar wannan ga Kano babba ce, domin Kano birnin jar ƙasa ne da shuɗi. A irin wannan gilashi jan bango yana fitowa da duhun da ya wuce nasa, shuɗi mai haske kuma yana fitowa kusan fari. Idan magini ya yi ado da bula a kan farar ƙasa, adon yana iya ɓacewa gaba ɗaya a hoto, mai kallo ya rantse bangon fari ne fat. Idan ya sa ja kusa da baƙi, sai su narke su zama abu guda. Wanda ke karanta tsohon hoto ba tare da sanin irin gilashin da aka ɗauke shi da shi ba, yana iya yanke hukunci cewa mutanen da ba su yi ado da launi ba, alhali kyamarar ce makauniya ta wannan ɓangare.

Launi ya zo, da sharuɗɗansa

Tushen hoto mai launi ya girmi duk wannan. A 1861, a Landan, James Clerk Maxwell ya nuna cewa idan aka ɗauki abu sau uku, ta gilashi ja da kore da shuɗi, aka haɗa hasken ukun, launinsa zai dawo. Har gobe a kan wannan ƙa'ida kyamarar waya ke aiki. A 1907 'yan'uwan Lumière na Faransa suka fito da gilashin Autochrome, wanda ke tace haske ta ƙwayoyin sitacin dankali da aka rina. A 1935 kamfanin Kodak ya fito da Kodachrome, ƙirƙirar wasu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, kuma daga nan hoto mai launi ya fara zama abin da matafiyi zai iya ɗauka a jaka.

Wannan ya zo daidai da lokacin da masana suka juyo da hankalinsu ga ginin Hausa. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, ya fara auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya a 1958, aikin da aka buga a mujalladi uku a 1990 bayan rasuwarsa. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafinsa a kan gidaje masu ado na Zariya a 1963. David Heathcote ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin zanen gidajen Zariya da masu yin sa. Waɗannan mutane sun ceci siffofi masu yawa da yanzu babu su a doron ƙasa. Amma bugun launi yana da tsada a wancan zamani, don haka yawancin hotunan da suka shiga littattafan gine-gine baƙi-da-fari ne, masu launin kuma suka tsaya a akwatuna da ɗakunan ajiya.

Su ma masu launin kowanne da halinsa. Fim ɗin Kodachrome ba a iya wanke shi sai a wasu ɗakunan aiki ƙalilan, don haka wanda aka ɗauka a Kano sai ya sha zafin rana a jaka da gidan waya kafin ya isa inda za a wanke shi a waje, zafi kuwa yana jirkita launin fim ɗin da ba a wanke ba. In an wanke shi aka ajiye cikin duhu yana daɗewa ƙwarai, amma yawan haska shi da majigi yana cinye shi. Wasu nau'o'in fim da takardun hoto ba su da ko wannan juriya. Launinsu rinai uku ne, kuma ba sa kwaɗewa tare. Idan mai ruwan shuɗi-kore ya riga sauran gudu, hoto duka sai ya koma ja-ja, kamar yadda kowa ya gani a hotunan bikin iyayensa na shekarun 1970. Bangon da ya fito ja wur a irin wannan hoto, wataƙila ruwan toka ne ranar da aka ɗauke shi.

Akwai kuma zaɓin mai ɗaukar hoton. Eliot Elisofon ya zo Nijeriya a 1959 don mujallar Life, ya ɗauki hotuna a Kano da Katsina, kuma tarinsa yana gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washintan. Shi ne kuma mai ba da shawara kan launi a fim ɗin Moulin Rouge na 1952, inda aka yi amfani da gilasan tace haske da hayaƙi don launin fim ya yi kama da na zanen wani mai zane na Faransa. Gwani ne wanda ya ɗauki launi a matsayin abin sarrafawa don isar da yanayi. Hotunansa taska ne, amma manufar ɗan jarida mai neman hoton da zai tsayar da mai karatu daban take da ta mai adana tarihi.

Ma'aunin da aka yanka a jikin wasu

Fim ba ya iya kama dukkan launuka daidai, dole masu haɗa shi su zaɓi waɗanda za su fi kula da su. Tun daga shekarun 1950 Kodak ke aika wa ɗakunan wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Mai wankin hoto yana daidaita injinsa har fatar matar ta fito yadda ake so, sauran launuka su bi. Lorna Roth, wata malamar jami'a a Kanada, ta wallafa bincike a 2009 inda ta nuna cewa daga cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke kama launuka masu duhu akwai koken masu sayar da kujerun katako da masu yin cakulan, waɗanda suka ga kayansu ba sa bambanta a hotunan talla. Sai a shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

An fi kawo wannan labari a maganar fatar baƙin mutum, kuma nan ne ya fi ciwo. Amma ya shafi bango ma. Makuba da jar ƙasa da azara da ƙofar itace duk suna cikin dangin launin da fim bai ƙware a kansa ba. Bambancin da magini ya sani sarai tsakanin yaɓen bana da na bara, ko tsakanin ƙasar wannan rami da ta wancan, yana iya haɗewa a hoto ya zama ruwan ƙasa guda.

Ido yana yafiya, fim ba ya yi

Ko da fim ya zama cikakke, haske ba ya tsayawa wuri guda. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayani a littafinsa na ilimin gani cewa kamannin launi yana sauyawa gwargwadon hasken da ya sauka a kansa. Mai sayen shadda a Kantin Kwari ya san wannan ba tare da karatu ba, shi ya sa yake fito da ita bakin rumfa ya duba a rana kafin ya biya. Yadi biyu suna iya zama iri ɗaya a ƙarƙashin fitila, su rabu a hasken rana.

Masana suna auna launin haske da ma'aunin Kelvin. Hasken rana tsaka yana kusan 5,500, ƙwan lantarki mai zare yana kusan 2,700, wato ya karkata ga rawaya, inuwa a ƙarƙashin sararin sama kuma ta karkata ga shuɗi. Ƙwaƙwalwar mutum tana gyara wannan da kanta, farar riga ta zauna fara a idonsa da hantsi da la'asar. Fim ba shi da wannan dabara. A Kano kuma akwai hazon hunturu, wanda ke shafe inuwa ya kashe kaifin launi, akwai jar ƙasar tsakar gida da ke mayar da jan haske a kan farin bango, akwai soro mai ƙaramar taga wanda rabinsa hasken rana ne rabinsa na fitila.

Baba yana da nasa wuyar. Rinin baba yana mayar da wani ɓangare na haske a can ƙarshen ja, inda idon mutum ya raunana amma wasu fina-finai da kyamarori ke ji, sai shuɗin ya fito da ruwan shunayya. Ga kuma ƙyalli. Rawanin ɗan Kura da turkuɗi darajarsu tana cikin walƙiyar da bugu ya ba su. Akwai gilashin da ake sa wa kyamara da fitilu don kashe ƙyalli, launi ya fito tsantsa, amma wanda ya kashe walƙiyar ɗan Kura ya kashe abin da aka biya kuɗi dominsa. Kalma ma ba ta ceci mai bincike ba: kore sunan launin ganye ne, kore kuma sunan riga ce da aka rina har ta kusa baƙi.

Mudu a cikin hoto

Maganin da aka samu bai zo ta hanyar ƙera kyamarar da ba ta kuskure ba. An dai yarda cewa za ta yi kuskure, aka nemi hanyar auna kuskuren. A 1931 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da al'amuran haske ta zauna a Kambirij ta tsayar da hanyar bayyana launi da lambobi bisa yadda idon mutum ke gani. A 1976 ta fito da tsarin da ke ba kowane launi lamba uku: ta haskensa, ta matsayinsa tsakanin ja da kore, da ta matsayinsa tsakanin rawaya da shuɗi. A wannan shekarar kamfanin Macbeth na Amurka ya fito da katin ColorChecker, mai gidaje 24, shida daga cikinsu jere daga fari zuwa baƙi, kowane gida da sanannun lambobinsa.

Aikin katin irin na mudun da hukuma ta buga wa hatimi ne. Idan an ajiye shi a jikin bango aka ɗauke su tare, duk abin da haske da kyamara suka yi wa bangon sun yi wa katin. Tunda an san gaskiyar katin, ana iya lissafa karkatar a mayar da bangon daidai, ko da bayan shekaru. Gidajen tarihi da ɗakunan karatu na duniya sun gina ƙa'idarsu a kan wannan. Ana kashe duk wani haske, a kunna fitilu biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta karkata da daraja 45, kyamara tana fuskantar zanen kai tsaye. Ana ajiye ɗanyen hoton yadda ya fito daga kyamara, a rubuta rana da wuri da irin fitila. Zanen Hausa, da yake yana da tudu da kwari, yana buƙatar hoto na biyu da haske daga gefe guda don siffar ta fito, abu mai walƙiya kuma yana buƙatar na uku da ba a kashe ƙyallinsa ba.

Wayar hannu, wadda yanzu ita ke ɗaukar yawancin hotunan Kano, akasin wannan take yi. An tsara ta don ta faranta wa ido: tana ƙiyasta farin da kanta, ta ƙara wa launi kaifi, ta haska inuwa, sannan manhajar da aka tura hoton da ita ta matse shi. Waya biyu a gaban bango guda suna ba da launi biyu, kuma babu mai nuna nawa ta ƙara.

Abin da ke kan gaba

Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda masu adana gine-ginen tarihi ke bi, ta wajabta a rubuta kuma a ɗauki hoton kowane mataki na gyara. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, ciki har da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Gyaran irin waɗannan wurare ba ya ƙarewa, domin ƙasa ce. Haɗarin shi ne mai gyara ya ɗauki kwaɗaɗɗen hoto ya kai wa mai haɗa fenti ya ce a yi masa irin wannan. Daga ranar, kuskuren fim ya hau bango, na baya kuma su ɗauki hotonsa su kira shi gargajiya.

Tsofaffin hotuna ba a yar da su, ana dai yi musu tambayoyin da ake yi wa shaida: da wane fim, a wane lokaci na rana, a ina aka ajiye shi tun daga nan. Sannan a nemo masa abokin shaida. Ɗaya yana cikin bangon kansa, domin masu gyaran gine-gine sukan kankare ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu su ga yaɓe bisa yaɓe har zuwa na farko. Ɗayan yana bakin tsofaffin magina da marina, waɗanda suka san ramin da ake haƙo kowace ƙasa da yawan makubar da ake zubawa. Abin da aka san haɗinsa ana iya sake haɗa shi, a bar shi ya bushe, a auna launinsa da lamba.

Bangon da ke tsaye yau a Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama da sauran tsofaffin gidajen cikin birni shi ma zai sauya riga. Katin launi bai fi ɗan littafi girma ba, ajiye shi a jikin bango kafin a danna kyamara kuma ba ya cin minti guda. Wanda zai tsaya a Nassarawa nan da shekara ɗari yana tambayar launin bangon a wannan zamani, amsarsa tana hannun waɗanda ke ɗaukar hoton kafin damina mai zuwa.